Mista Yardley da Turakun Ƙofar Gidansa

Shekara ashirin da shida ke nan ina zaune a gida mai lamba tara a layin Larch Grove, ƙofata na kallon ta Clifford Yardley, kuma ban taɓa ganin mutumin nan ya fito ko da zubar da shara ba sai da tef ɗin awo a aljihun rigarsa. Wasu tsofaffin da sanda suke yawo, wasu da kare. Shi nasa tef ne. Dogo ne siriri, gashin bakinsa tsaf kamar da rula aka ja shi. Shekara talatin da huɗu ya yi a ofishin duba ma'auni, yana zagaya mahauta da gidajen mai yana gwada musu sikeli da famfo. Ranar da ya yi ritaya mahautan gari suka sami lafiya, mu 'yan layi muka shiga uku.

Gidajenmu talatin da biyu ne na jan bulo, wani mai masaƙa ya gina wa ma'aikatansa su shekara ɗari da wani abu da suka wuce. Cliff ne ya bi mu gida-gida da takarda, shekara goma sha takwas baya, yana karɓar sa hannu don hukumar gari ta sanya layinmu cikin tsofaffin unguwannin da ake karewa. Ya kuma nemi a ƙara da sharaɗi: ba mai taɓa fuskar gidansa, ko ƙofa ce ko taga ko shinge, sai ya nemi izini a ofishin tsara gari. Ya ce don kada wani mai kuɗi ya zo ya rushe mana ya kafa bene. Muka sa hannu, har da ni, har shayi na ba shi. Ba mu san wa kanmu muke saƙa igiya ba.

Da ni aka fara. Tsohuwar ƙofata ta katako iska take shigowa da ita ta ko'ina, sai marigayi mijina Trevor ya cire ta ya sa sabuwa ta roba, fara tas, mai rufuwa ruf. Kwana goma sai ga wasiƙa daga hukuma. Wani maƙwabci, in ji su, ya ja hankalinsu. Trevor ya koma rumbun bayan gida ya ciro tsohuwar yana zage-zagen da ba zan maimaita ba, kuma har yau ita ce a jikin gidana, da tsumma a ƙasanta duk lokacin sanyi. Bayan ni sai Harjit Sandhu, magini, mai lamba goma sha biyu, wanda ya nemi ya fitar wa mahaifiyarsa ɗaki a saman gida. Cliff ya rubuta shafi uku a kan girman tagar kawai. An ba Harjit izini bayan shekara guda, amma da tagar da ko kyanwa sai ta yi dabara kafin ta leƙo.

Ga kuma 'yan takardunsa. A gaban gidan Cliff an kwantar da bakin titi don mota ta hau farfajiya, kuma duk wanda tayarsa ta taɓa wurin nan, ko da faɗin yatsa ne, da safe zai tarar da takarda a ninke ƙarƙashin waifar motarsa. Kullum da "Cikin girmamawa" take farawa, ta ƙare da cikakken sunansa. Bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Mu dama ba ma faɗa da baki. Mutum ya ɓata maka rai, ka gaishe shi, ku yi maganar ruwan sama, ka shige gida ka ɗauki biro. Harjit ya tara nasa takardun a gwangwanin biskit, ya ce in ya mutu a karanta su a wurin makoki don mutane su sami abin dariya.

Abin da ya hana mu tsane shi gaba ɗaya matarsa ce, Beryl. Shekara ashirin da biyu tana tsallakar da yaran firamare titi da doguwar sandarta mai allo, ta san sunan kowane yaro da na uwarsa da na karensu. Mace ce mai son mutane, mai dariya har da hawaye. Yadda aka yi ta auri Cliff, ita kanta cewa take yi kuskuren ma'auni ne. Shekara huɗu da suka wuce ɓarin jikinta na dama ya shanye, ta koma keken marasa lafiya, maganarta ta yi nauyi amma bakin yana nan yadda yake. Cliff ya sai mota mai faɗi wadda aka gyara ta musamman, da gadar ƙarfe a baya da ake tura keken a kai. Wata bakwai suka jira kafin a gama gyaran. Da motar nan Beryl take ganin duniya: Alhamis ƙungiyar waƙa a zauren coci, Asabar kasuwa, Lahadi bakin ruwa su ci kifi da dankali soyayye a cikin takarda.

In ba motar ba, Beryl ba ta ganin kowa, kuma wannan laifinmu ne. Da farko mun riƙa kai mata fure da kati. Amma wa yake son shiga gidan da mai shi zai raka shi ƙofa yana kallon tayarsa? A hankali muka koma ɗaga mata hannu ta taga. Ni da nake tsallaken titi sai in yi wata uku ban taka gidan ba, ina gaya wa kaina ai ba na son takura musu.

A farkon bazarar bara ɓarayin mota suka sa unguwarmu gaba. Motoci uku suka ɓace cikin wata ɗaya a layukan baya. Wata Litinin da safe na fito ɗaukar madara na hangi Cliff tsaye jikin motar Beryl, ba tef a hannunsa, abin da ya sa na san ba lafiya ba. An ƙwaƙule makullin ƙofar direba, an yanka robar gilashi. Wani abu ne ya kore su kafin su gama. Ɗan sandan da ya zo ya ce irin waɗannan in sun ga mota sukan dawo, ya ba shi shawarar ya kafa turakun ƙarfe a bakin farfajiya, irin waɗanda ake nutsar da su cikin ƙasa da rana, da yamma a jawo su sama a kulle.

Harjit ya fito da kofin shayinsa, ni ma na matso, don ba a barina a baya in ana irin wannan. Beryl tana bakin ƙofa a kekenta da bargo a cinya.

"Turke biyu ne fa, Mista Yardley," in ji Harjit. "Ko mita ɗaya ba su kai ba, kuma a filinka. Asabar in zo da injin fasa kankare, kafin azahar an gama. A layin baya ba wanda ya tambayi kowa takarda."

"Layin baya ba ya cikin yankin da aka kare," in ji Cliff. "Namu yana ciki. Sai da izini."

"Wa ya sa shi a ciki?" na tambaya, kamar ban sani ba.

Bai kalle ni ba.

Harjit ya ce, "To naji, doka ce. Amma wa zai kai ƙararka? Mai kai ƙara ɗaya ne tak a layin nan, kuma ga shi a gabana."

Beryl ta fashe da dariya har bargon ya zame. "Zai kai ƙarar kansa, Harjit, rabu da shi. Shekara arba'in da bakwai muna tare. Ranar aurenmu sai da ya tsayar da fasto ya nuna masa kuskure a takardar."

"Ranar haihuwarki ce suka rubuta ba daidai ba," in ji Cliff.

"Ni na ba su ita a haka, tsohon banza."

Haka kuwa aka yi. Cliff ya cika fom, ya zana turakun da hannunsa ta gaba da ta gefe da ta sama, ya kai ofishin tsara gari da ƙafarsa. Aka ce masa mako takwas. Bayan 'yan kwanaki wani ma'aikaci ya zo ya ɗaure sanarwa cikin leda a jikin sandar fitilar da ke gaban gidansa: mai lamba goma yana neman izinin kafa turaku biyu, duk maƙwabcin da yake da magana yana da kwana ashirin da ɗaya ya rubuto. Mun saba ganin irin wannan takarda, amma kullum da sunan wani a jiki, Cliff kuma tsaye gabanta da tabarau yana kwafe lambar.

Ranar nan layinmu ya yi kasuwa. Mutanen da ba su da kare ma sun fito yawo. Kowa ya zo wucewa sai takalminsa ya kwance daidai sandar fitilar. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, daɗi ya kama ni. Na shiga gida na ciro kwafen wasiƙar da ya rubuta a kan ƙofata, wadda na ajiye shekara goma sha bakwai cikin littafin girki, na zauna na kwafe kalmominsa ɗaya bayan ɗaya. Inda ya ce ƙofa na sa turke. "Baƙon abu ne da bai dace da tarihin layin ba." Na karanta sau uku ina jin kamar Trevor yana tafa min. Na sa a ambulan na jefa cikin jaka, na ce sai ranar ƙarshe zan aika don ya daɗe yana zullumi.

Shi kuwa Cliff, da ya ga mako takwas motar za ta kwana a fili, sai ya yi abin da ya ga shi ne daidai. Ya kai ta wani gareji mai gadi can ƙarshen gari, bas biyu daga nan, ya kulle, ya dawo. Ba zai iya barin Beryl ita kaɗai awa biyu don ɗauko mota ba, ba zai kuma iya kai ta can a bas ba. Ɓarayi ba su samu ba, Beryl ma ba ta samu ba.

Alhamis ta farko, wajen ƙarfe biyu saura kwata, ina wanke kofuna na ɗaga kai. Beryl tana bakin tagarsu sanye da jar hularta ta zuwa waƙa. Ta san ba inda za ta, amma ta sa Cliff ya sa mata. Tana zaune tana kallon farfajiyar da ba komai a cikinta sai ɗigon baƙin mai. Na ɗaga mata hannu, ta ɗago na hagun. Kunya ta rufe ni a tsaye a wurin, irin wadda ban ji ba tun ina yarinya. Na ajiye soso na tsallaka gidan Harjit da kumfa a hannuna.

Da yamma muka je mu biyu muka ƙwanƙwasa. Cliff ya buɗe rabin ƙofa.

"Ka je ka ɗauko motar nan gobe, ni zan zauna da Beryl," na ce. "Ka shigar da ita farfajiya. Da yamma Harjit zai kawo motar aikinsa ya gindaya a bakin wurin. In ɓarawo yana so, sai dai ya ɗauke ta ta sama."

Cliff ya dube mu kamar mun ce ya yi tsirara a kasuwa. "A gaban inda aka kwantar da bakin titi? Laifi ne, Misis Tranter."

"Mun sani," in ji Harjit. "Ina da shi a rubuce sau goma sha tara."

Muna ganin Cliff yana ta fama da kansa, don mutum ne da ba ya iya barin doka rabi. Can ya ce a hankali, "Sai dai in mai gidan ne ya yarda. In ya yarda, ba laifi ba ne."

"To mai gidan ya yarda?"

Daga cikin falo muryar Beryl ta taso: "Ya yarda! Ku shigo kuna sako min iska!"

"Sai na rubuta," in ji Cliff.

Ya rubuta kuwa. Kowa da takardarsa, da lambar motarsa da sa hannun mai gida, a ajiye a gaban gilashi. Harjit ya ɗauki Litinin da Laraba, ni da 'yar ƙaramar motata Talata da Juma'a. Kafin mako ya zagayo Misis Abara mai lamba goma sha bakwai, wadda Cliff ya taɓa sa aka rage wa shinge, ta zo ta ce ita ma a ba ta kwana, sauran kwanakin kuma har rububinsu aka yi. Ba wai an yafe masa ba ne. Rabinsu daɗin gindaya mota a ƙofar Yardley da izininsa a rubuce ne ya kawo su, don wannan abu ne da mutum zai ba jikokinsa labari.

Sai Cliff ya kafa wata doka, kuma ita ce ta juya komai. Ya ce duk wanda zai janye motarsa da safe dole ya ƙwanƙwasa ya sanar, don ya san daga wane lokaci motar Beryl take a buɗe. Ranar Talata ta farko na ƙwanƙwasa ƙarfe takwas, na ce zan janye. Kafin ya amsa Beryl ta ƙwala kira daga kicin, wai an riga an ɗora buta, kuma asara ce a bar ruwa ya huce. Na shiga don minti biyar, na fito ƙarfe tara da rabi. Na samu labarin yaran da ta tsallakar, wanda ya zama likita da wanda ya zama abin da ba a faɗa. Harjit ranar tasa ya shiga da samosar da matarsa ta soya. Misis Abara ta wanke wa Beryl kai ta gyara mata gashi. Sannu a hankali sai ya zama wanda ba ranarsa ba ma yakan leƙo ya ji ko an janye lafiya. Cliff yana tsaye jikin kantar kicin yana zuba shayi, yana auna ganyen da cokali a shafe, bai cika magana ba. Sau ɗaya dai na kama shi yana dariya a cikin kofinsa.

Wasiƙata kuwa tana nan cikin jaka. Ban aika ba, ban kuma yaga ba. Hali zanen dutse, nawa ma ai hali ne.

Ana saura kwana biyu wa'adin ya cika, Beryl ta aiki Cliff sayen biskit mai citta, ta ce lallai na shagon da ke bayan gidan waya take so, wanda ya fi nisa. Yana fita ta dube ni.

"Noreen, kin rubuta taki, ko?"

"Tawa me?"

"Kada ki raina min wayo, shekara ashirin da biyu ina kallon fuskar yaran da suka yi laifi. Tana cikin jakar nan, shi ya sa ba kya ajiye ta a ƙasa."

Na ciro ta na ajiye a tebur. Ta sa na karanta mata, ta yi dariya har sai da na buga mata baya. Sannan ta ce, "Yaga. Taki ta ƙeta ce, ba ta da amfani. Ɗauko takarda a aljihun teburin can ki rubuta tawa, hannun nan ya ƙi biro."

"Ta goyon baya?"

"Ta ƙin yarda."

Na zaci ciwon ne ya taɓa ta. Ta ce in rubuta kawai. Ga abin da ta faɗa, ban ƙara ko wasali ba:

"Cikin girmamawa, ni Beryl Yardley ta gida mai lamba goma ina ƙin amincewa da turakun nan, saboda za su canza kamannin layin. Shekara huɗu ina kallon layin nan ta taga, na fi kowa sanin kamanninsa. Makonni biyun nan ne ya koma yadda na san shi. In aka kafa turakun, motata za ta tsira, na gode. Amma ba wanda zai sake samun dalilin ƙwanƙwasa mana ƙofa, kuma na san mutanena, in ba dalili ba sa zuwa."

Ta sa hannu da hagu, wani karkataccen abu kamar tafiyar tsutsa. Na kai gidan waya da kaina, ina tafe ina share hanci ina ɗora wa sanyi laifi.

A mako na shida jami'ar ofishin ta zo duba wurin, wata matashiya mai suna Mis Pryce, da fayil a hammata. Ranar Laraba ce, Harjit bai janye ba tukuna, ni kuma na shigo aron sukari da ban buƙata. Ta auna farfajiyar, Cliff ya sake aunawa a bayanta. Sannan ta buɗe fayil ta ce an samu wasiƙu goma sha biyar.

Cliff ya san gidaje nawa ya taɓa ɓata wa rai.

"Goma sha huɗu na goyon baya ne," in ji ta. "Ɗaya ta ƙin yarda."

Ya juyo ya dube ni kai tsaye.

"Ba ni ba ce," na ce. "Na so, amma ba ni ba ce."

Ya ce yana da haƙƙin ya gani, don irin waɗannan wasiƙu ba sirri ba ne, kuma ya faɗi sashen da ya ce haka. Mis Pryce ta miƙa masa. Ya sa tabarau ya karanta a tsaye a tsakiyar farfajiya. Wasiƙar layi bakwai ce, amma ya daɗe a kanta fiye da yadda yake daɗewa a kan shafi uku. Da ya gama ya ninke ta daidai kan tsohon ninkin, ya cire tabarau ya goge da gefen riga.

"Wannan ba hujjar tsara gari ba ce," ya ce. "Ba za a yi aiki da ita ba."

"Na sani," in ji Beryl daga bakin ƙofa. "Kai ka koya min. So nake dai ta shiga fayil."

Harjit ya tsunduma cikin duba tayar motarsa. Mis Pryce ta tambaya ko za ta iya samun ruwan sha, aka ba ta shayi da samosa.

Izini ya fito ana saura kwana uku mako takwas ya cika, da sharaɗi ɗaya, cewa turakun su zama baƙaƙe. Harjit ya kafa su ranar Asabar, Cliff yana durƙushe gefensa da tef, har sai da Harjit ya ce in ya ƙara cewa "saura kaɗan" zai zuba masa kankaren a aljihu. Suka yi kyau, ba laifi. Da yamma Cliff ya jawo su sama ya kulle, ƙarar makullin har gidana. Ba wanda ya gindaya mota. Kowa ya ajiye tasa a ƙofarsa kamar da.

Lahadi shiru. Litinin ƙarfe takwas na ga Harjit ya fito, ya tsaya jikin motarsa yana kallon lamba goma, ya sosa gemu, ya shiga ya tafi aiki. Talata ranata ce a da. Na sa takalmi, na kai har bakin ƙofata, na tsaya ina tunanin me zan ce in an buɗe. Na zo ne kawai? Ba a yin haka a layinmu. Na cire takalmin na koma na ɗora butata ni kaɗai, ina jin haushin kaina da na Cliff da na duk wanda ya ƙirƙiro turke. Beryl ta yi gaskiya, kuma ban so ta yi ba.

Laraba da safe na fito ɗaukar madara, sai na hangi farar takarda ƙarƙashin waifar motata. Raina ya ɓaci nan take. Na ce lallai mai hali ba ya fasa halinsa, ko mako ba a yi ba. Sai na duba layin: kowace mota da tata, daga lamba ɗaya har talatin da biyu, suna ta kaɗawa a iska. Harjit yana tsaye da tasa a buɗe. Na zare tawa.

"Cikin girmamawa, Misis Tranter. Na karanta takardar izinin sau uku, ban ga inda ta soke jadawalin da muke kai ba. Saboda haka yana nan. Talata da Juma'a naki ne, ƙarfe takwas, kuma kin rasa ta jiya ba tare da sanarwa ba. Ba sai kin zo da mota ba. Clifford Arthur Yardley."

A ƙasa, da ƙaramin rubutu, ya ƙara: "Na lura ƙofarki tana shigo da iska. Ina da roba da ƙusoshi. Wannan ba ya buƙatar izini, na duba."

Harjit ya ɗago tasa daga tsallake. "Wannan ba za ta shiga gwangwani ba," ya ce.

Ban jira Juma'a ba. Na tsallaka da kwalbar madarar a hannu da silifas a ƙafa, na ratsa tsakanin turakun nan biyu na ƙwanƙwasa. Cliff ya buɗe, wannan karon gaba ɗaya, ya duba agogonsa.

"Yau Laraba ce, Misis Tranter."

"Ka kai ƙarata," na ce.

Daga kicin na ji Beryl tana cewa ya matsa ya ba mutane hanya, kuma ya ƙaro kofi biyu, don ta hango Harjit yana tahowa.